Daƙiƙa Huɗu Bayan Jirgin Laraba

A Lafiya kowa ya san cewa Juwairiya ce ta ƙona ƙarshen Jirgin Laraba. Ɗan acaɓa ya sani, mai sayar da doya ta sani, har jikata da aka haifa bayan fitowar fim ɗin ta sani. Wai ranar da za ta bar gidan mijinta, Darakta Abdulbaƙi Lawal, ta ɗauki kaset na ƙarshe ta zuba masa kananzir a tsakar gida ta ƙyasta ashana, shi ya sa fim ɗin ya ƙare ba a ga ko mutumin da ake jira ya dawo ba. Ni kuwa shekara talatin da biyu na yi ina koyar da tarihi, kuma na lura duk maganar da aka ce kowa ya sani, in ka nemi wanda ya gani da idonsa sai aji ya yi tsit.

An yi fim ɗin a 1997, shekara guda bayan an ba mu jiha, lokacin da sababbin ma'aikata ke kwana a ofis don babu ɗakin haya a garin. Labarin wata mai tallar nono ne a tashar jirgin ƙasa ta Agyaragu. Mijinta ya hau jirgi ran Laraba, ya ce wata Laraba zai dawo. Duk Laraba sai ta ɗaura zanenta mai kyau ta aje ƙwarya a bakin dogo. A ƙarshe jirgi ya iso, mutane suka yi ta saukowa da buhuna da kaji, kamara na kan fuskarta, jirgin ya tashi, ita tana nan tsaye. Sai hoton ya ɗan yi rawa, fuskar wata jaririya cikin farin shawul ta bayyana, daƙiƙa huɗu, sannan allo ya yi baƙi. Malaman jami'a sun yi rubutu a kan jaririyar nan. Sun ce ɗan da matar ba ta haifa ba ne, sun ce basirar Abdulbaƙi ke nan.

Abdulbaƙi ya rasu a 2004. Bayan shekara biyu wasu baƙi suka yi fim a kan rayuwarsa, suka nuna matarsa da dogayen farce da man bilicin, tana masa tsaki duk lokacin da ya ɗauki kamara. Wannan bai dame ni sosai ba, don duk wanda ya san Juwairiya ya san ko lalle ba ta cika sawa ba. Na biyun ne ya yi ɓarna. Ƙanensa Ashemi ya yi shi a 2009, kuma shi ya sa wurin wutar: mace tsugune a tsakar gida, harshen wuta na haska mata fuska, ana kiɗa mai ban tsoro. Tun da ɗan gida ne ya faɗa, magana ta zauna. Yaran unguwar Bukan Sidi suka raɗa wa Juwairiya suna Mai Ashana.

Na koyar da ita a sakandare. Yarinya ce daga rugar da ta zauna kusa da Agyaragu, mai naɗe littattafanta da takardar buhun siminti don kada bangon ya yi datti. Na ce a raina irin wannan ba ta ƙona abu. Sai kuma na tuna yadda nake rage wa ɗalibai maki in sun kawo mini abin da ransu ya ba su a madadin hujja. Na yafa mayafi na tare keke zuwa Bukan Sidi, gidan wanta Hammawa, inda take zaune tun rabuwarsu.

Na same ta a baranda tana ɗura kindirmo cikin robobi. Da na yi sallama ta ɗago, amma ba ni ta duba ba, gefena ta duba.

"Muryar Malama nake ji."

"Idonki bai gaya miki ba sai kunne?"

"Idon ya soma ritaya, Malama, irin taki."

Ta ce likita ya gaya mata jijiyar ce ke mutuwa, ba yana ba ce balle a kankare. Na hagu ya tafi tun bara. Na dama ya rage kamar mutum na leƙe ta ramin makulli, kuma ramin kullum ƙara tsukewa yake. Likita ya ce in an yi sa'a zai kai bayan babbar salla. Ta faɗi wannan tana rufe robobi, ba ta zubar da ko ɗigo ba.

Na sha ruwa, na tambayi Hammawa da shanu, sannan na ce, "Juwairiya, kin ƙona kaset ɗin?"

"Sun ce na ƙona."

"Ban tambayi abin da suka ce ba. Kin san ba na karɓar amsar da aka kwafo."

Ta yi ɗan murmushi, ta goge hannu da gefen zane. Can ta ce, "Malama, kina da bidiyo har yanzu? Mai cin kaset?"

"Yana ƙarƙashin gado, gizo-gizo na haya a ciki."

"In kin samu fim ɗin na kaset, na farkon fitowa, ki kawo mini. Ba faifai ba. Na sa an sayo faifai har uku." Ta juya fuska wajen katanga. "Sau ɗaya nake so in kalli ƙarshen kafin wannan ya rufe."

Na tambaye ta dalili. Ta tambaye ni ko ina shan kindirmo da sukari.

Da na koma gida na aika a sayo mini faifan, na zauna da rana na kalla tun daga farko. Jirgi ya zo, jirgi ya tashi, mace na tsaye, sai ga tallar maganin basir. Babu jaririya. Masu juyar da fim daga kaset zuwa faifai sun ga hoto ya yi rawa, sun ɗauka lalacewar zare ce, sun datse. Abin da malaman jami'a suka cika takarda a kansa, wani mai shago ya share shi da yatsa ɗaya. Na kuma lura da wani abu: ban ga inda aka rasa ƙarshe ba. Jirgi ya tashi, ba kowa a dandamali sai ita. Me ya rage a nuna?

Mako biyu na yi ina bin shagunan haya na da. Ɗaya ya koma wurin cajin waya, ɗaya ya koma shagon aski. Wata mata a bayan kasuwa ta fito mini da kaset daga cikin kwali, muka sa, sai layi-layi da ƙara kamar ana suya. Wani kuma ƙarshensa ya tsinke an ɗaure da zaren ɗinki. Kaset ɗin haya ta ƙarshe yake fara mutuwa, don nan ake ta maimaitawa.

Sai na je wurin Ashemi. Shi ma ɗalibina ne, yanzu mataimakin darakta ne a wata ma'aikata, fim kuma aikin Asabar da Lahadi. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya aika a kawo lemo.

"Malama da kanki? Da kin aiko na zo."

"Da na aiko da ka turo uzuri, kamar lokacin jarrabawar aji uku. Ashemi, wa ya ga wutar nan?"

"Ai kowa ya sani."

"Kowa ba suna ba ne. Ba ni suna."

Ya sosa ƙeya. "Hajiyarmu, Allah ya jiƙanta. Ta fito alwalar walaha ta ga matar Yaya tsugune bayan ɗaki, abu na ci da wuta. Ta ce da idonta ta ga kwalin kaset. Ranar ta bar gidan, ko sallama ba ta yi ba."

"Kwali ta gani ko kaset?"

"Malama, ai duk ɗaya ne."

"A ajina ba ɗaya ba ne. Roba in ta kama wuta unguwa duka sai ta ji wari. Hajiya ta ce ta ji wari?"

"Ban tambaye ta ba."

"Kai kana ina lokacin?"

"Ina makaranta a Maiduguri."

"Kuma yaushe ta bar gidan? Kafin fim ya fito ko bayan ya fito?"

Ya yi lissafi da ido. "Bayan ya fito da kamar mako guda."

"To ƙarshen me ta ƙona, bayan fim na kasuwa?"

Ya yi dariya irin ta wanda aka kama da takardar satar amsa. Ya ce fim ba tarihi ba ne, dole a sa wa labari gishiri, kuma masu kallo suna son su ga dalili. Na ce yara na bin matar da jifan suna. Ya ce wannan kam bai ji daɗi ba. Na tambaye shi abin da ya sa bai nuna cewa sun taɓa haihuwa ba, don na tuna ina aiki a Keffi na ji an ce ɗiyarsu ta rasu.

"Wata biyar ta yi a duniya, ƙyanda ce. Bai shafi labarin ba, Malama. Ita kanta uwar ko hawaye ba ta yi ba ranar, Hajiya ta faɗa."

"'Yar fari ce?"

"Ita ke nan ma."

"Kuma uwar Bafulatana. Ka taɓa ganin Bafulatana ta kira sunan ɗan fari, balle ta yi masa kuka gaban surukai?"

Ya buɗe lemon ya tura mini. Da zan tafi na tambaye shi wanda ya riƙe kamara a Jirgin Laraba. Ya ce wani Batibi ne, Iorhemba, yana Agyaragu yana ɗaukar bukukuwa. Na ce ya yi magana da shi kafin ya yi fim ɗinsa? Ya ce ai ɗan kamara ne kawai.

Ranar kasuwar Agyaragu na je, cikin damina, motar ta cika da mata masu zuwa sarin doya. Shagon Iorhemba na bayan wani injin niƙa, an jera hotunan amare a ƙofa rana ta kodar da su. Mutum ne gajere mai furfura a gemu kawai. Matarsa Doose ta gane ni, ashe ta yi aji biyu a wurina, ta kawo mini benci da dafaffiyar gyaɗa.

"Mama, kai ne malaman tarihi," in ji Iorhemba. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk kai ne. "Doose ya ce kai ba ka dariya."

"Ina yi in an ba ni dalili. Na zo tambaya a kan jaririyar ƙarshen Jirgin Laraba."

Ya aje gyaɗar da ya ɗiba. Ya dubi matarsa, ta shige ciki.

"Shekara goma sha biyu, mutum biyu sun yi fim, ba wanda ya zo nan. Wa ya aiko ka?"

"Juwairiya na makancewa. Tana so ta ga wurin sau ɗaya."

Ya dubi injin niƙan. Sannan ya soma, ni kuma ban katse shi ba sai inda ya zama dole.

Ya ce a shekarar nan jirgi ba shi da rana. Sunan fim ne kawai Laraba. Kwana tara suka yi a tasha suna jira, su da 'yar wasan da ƙwaryar nono da ake sakewa kullum don yana tsami. Don kada zama ya yi yawa Oga Abdulbaƙi ya riƙa ɗaukar wasu wurare, dogo, gajimare, awaki. Ranar ta tara da la'asar kaset na ƙarshe ya cika. Aka ce gobe da safe za a je Lafiya a sayo. Suna naɗe waya sai suka ji kukan jirgi daga kudu.

"Oga ya zazzage jaka a ƙasa. Kaset ɗaya ya faɗo, cikin kwali. Ni na san shi, don da kamaran nan aka ɗauka. An rubuta Sunan Ikilima."

"Me ya kai shi jakar aiki?"

"Madam ne ya ba shi. Bayan yarinya ya mutu. Ya ce a yi masa kofi biyu, kada ɗaya ya lalace. Ba su da hoto ko ɗaya, Mama, sai wannan. Wata uku yana cikin jaka, kullum Oga zai ce gobe."

"Ya ɗauka sabo ne? Cikin gaggawa?"

Iorhemba ya tashi ya shiga ciki. Na ji yana jan akwatin ƙarfe. Ya dawo da kaset cikin leda biyu, ya kwance, ya miƙo mini ta gefen baya.

Duk wanda ya yi zamani da bidiyo ya san ɗan kunnen robar nan da ke gindin kaset. In ka ɗauki abin da ba ka so a goge, sai ka ɓalle shi, ya bar rami. Muddin ramin na buɗe, ko ka danna jan maɓalli sau ɗari inji ba zai ɗauka a kai ba. Juwairiya ta ɓalle nata. A kan ramin kuwa ga filastar ciwo manne, ta yi baƙi, gefenta ya naɗe.

"Nawa ne," in ji Iorhemba, ya nuna mini ɗan yatsansa. "Wuƙa ya yanke ni ranar, wajen fere rake. Oga ya sa kaset, kamara ya ƙi. Ya ciro, ya duba, ya ce Iorhemba ba ni filasta. Na ce Oga, wannan na suna ne. Ya ce na sani. Ya kama hannuna ya ɓare da kansa."

"Kaset na awa uku ne. Suna bai cika awa uku ba."

"Minti ashirin da biyar ne. Sauran duk fili. Na ce Oga bari in tura gaba, minti uku kawai. Ya ce batir ba zai kai ba, kuma yana son jirgi tun yana nesa, tun hayaƙi. Jirgi ya riga ya fito daga kwana." Ya shafa gemu. "Da mun tura, za mu rasa zuwan jirgi. Tsayawa da tashi za mu samu. Shi zuwan yake so."

Suka ɗauka tun daga hayaƙi har jirgin ya ɓace, har batir ya mutu. Da suka je haɗa fim a Jos, suna kallon abin da suka ɗauka, wurin tasha ya ƙare, sai ga abin da ya rage na suna ya fito da kansa. Daƙiƙa huɗu.

"Oga ya fita waje. Na ɗauka amai zai yi. Ya sha sigari biyu ya dawo. Ya ce wa mai haɗawa, bar shi a ciki, cire sautin ka sa kukan jirgi."

"Ya gaya mata?"

"Kullum gobe. Madam ya gani a talabijin na falo, tare da maƙwabta, ranar da aka kawo kaset na farko gida. Ina wurin. Mutane suna tafi. Jariri na kwana bakwai cikin shawul, wa zai gane in ba uwa ba? Madam ya tashi ya ce zai duba tukunya."

"Kai kuma ka yi shiru shekara goma sha biyu."

"Oga ya ba ni ajiya, ya ce kada ya ƙara gani. Bayan ya mutu na so in kai wa Madam. To in ce masa me? Ga abin da ya rage, da filastana a kai?" Ya mayar da kaset cikin leda. "Kuma Mama, aikin nan nake ci da shi. In an ji Iorhemba yana goge kaset na suna, wa zai kira ni biki?"

Na karɓi ledar na sake kwancewa. Na ɗaga kaset ɗin wajen haske. Ta ɗan gilashin na ga fari-fari a jikin zaren, fumfuna ta damina goma sha biyu.

Kwana uku ya yi yana gyara. Ya kwance kaset ɗin, ya riƙa jan zaren a hankali yana gogewa da auduga da sipirit, Doose na juya ɗaya gefen da biro. Ya ce zaren ya yi laushi, wuri-wuri baƙin na fita a jikin auduga. Sau ɗaya zai iya bi ta inji lafiya, wataƙila sau biyu. Na ce a yi kofi tukuna. Ya ce kofi ma bi ta inji ne, kuma hoton zai ƙara dushewa, ga mai kallon da ƙyar take gani. Muka yanke cewa zai haɗa inji biyu a gidan Hammawa, tana kallo ana juyewa.

Ran Alhamis da hantsi muka je. Babu wuta, Hammawa ya tayar da janareta ya ja 'ya'yansa suka bar gidan, bai tambayi komai ba. Iorhemba ya durƙusa a ƙofar ɗaki.

"Madam, ina kwana."

"Iorhemba. Ka tsufa, muryarka ta faɗa."

"Madam, ni..."

"Yaya Doose? Ka haɗa abin."

Muka rufe taga da zane don haske ya taru a allo. Ta jawo kujera 'yar tsugune har gwiwarta na taɓa teburin talabijin, ta rufe idon hagu da tafin hannu ko da yake babu abin da yake gani, ta riƙa karkata kai tana neman inda ramin idon dama zai faɗa. Iorhemba ya riga ya naɗe zaren da hannu zuwa kusa da wurin. Ya danna.

Wutsiyar jirgi na shigewa cikin itatuwa. 'Yar wasan na tsaye da ƙwarya. Babu kiɗa a wannan, sai iska da muryar wani yana cewa a matsa baya. Hoto ya yi rawa.

Farin shawul mai zanen agwagwa a gefe. Fuska ƙarama, an sa mata kwalli ya ɗan zarce gira, an aske kan. Hannun wata mace riƙe da ita, da lalle har wuyan hannu. Bayan ɗaki mata na guɗa. Sai muryar namiji kusa da kamara, yana dariya: "Ikilima, kalli nan. Kalli Baba."

Allo ya koma yayyafin fari da baƙi.

Janareta na ta ƙara a waje. Juwairiya ba ta sauke hannu daga ido ba.

"An wuce?"

"An wuce," na ce.

"Na ga fari. Shawul ne?"

"Shawul ne."

"Ban samu fuskar ba. Ina nemanta sai ta wuce."

Iorhemba ya ce a sake. Ya mayar baya kaɗan, ya danna, ya ce zai tsayar da hoton daidai wurin. Jirgi, ƙwarya, rawa. Ya danna tsayawa. Fuskar ta tsaya tana karkarwa, layi biyu sun ratsa ta, sai inji ya yi wani ƙara kamar ana tauna ƙashi. Ya yi wuf ya kashe. Da ya buɗe, zaren ya cukurkuɗe a kan ƙarfen, baƙin ya manne a jiki, abin da ya fito a hannunsa fari ne kamar ledar burodi.

Muka sa kofin da aka juya. Ya kama, amma dishi-dishi, kamar ana kallo ta cikin ruwan wanki. Ni da ke da tabarau na gane fuska ce don na riga na gani. Mun sa mata shi sau shida. Ta matsa har goshinta ya taɓa gilashi. A na shidan ta koma da baya ta zauna sosai.

"Malama, ke kin gan ta da kyau a na farkon?"

"Na gan ta."

"Idonta a buɗe yake?"

"A buɗe. An sa mata kwalli, ya zarce ta nan." Na taɓa mata gefen gira.

"Inna ce ta sa. Hannunta na rawa." Ta juyo gare ni. "Da wa ta yi kama, baƙuwar?"

Na yi niyyar in ce da ke. Amma ban taɓa ba ta makin da ba ta ci ba. "Goshin naki ne. Bakin nasa ne."

Ta gyaɗa kai. "Haka nake tunawa. Na ɗauka ko na ƙirƙira ne."

Iorhemba na tsugune yana tattara zaren da ya lalace, yana sa shi cikin leda a hankali kamar za a iya mayar da shi. Ta ce ya bar mata kofin, da bidiyon Malama in Malama ta yarda. Ta ce sautin ya fita sosai.

Da na tashi tafiya ta rako ni har zaure, hannunta na bin bango. Na ce saura tambaya ɗaya, ta farkon nan.

"Bayan baƙi sun watse na duba jakarsa," ta ce. "Kwalin na nan, da rubutuna a jiki. Mako guda ina jira ya yi magana. Kullum sai ya dawo da tsire."

"Sai kika ƙona kwalin."

"Ban so in bar sunan a gidan ba. Kuma ban iya tafiya da shi ba."

A bakin titi wasu yara na buga ƙwallo. Da suka hango ta a ƙofa ɗaya ya ce Mai Ashana, sauran suka yi dariya suka ci gaba da wasa. Ta ce in gaida gida.

Idon ya rufe kafin babbar salla da mako uku. Fim ɗin Ashemi na nan a kasuwa, an ce ana shirin na biyu.

Juwairiya ba ta ƙona ƙarshen Jirgin Laraba ba. Fim ɗin ya ƙare inda Abdulbaƙi ya so ya ƙare. Ya ɗauki wurin tasha a kan kaset ɗin sunan 'yarsu, yana sane, bayan ya toshe ramin da filasta. Jaririyar da ke ƙarshen fim ɗin Ikilima ce, tana da kwana bakwai. Abin da Juwairiya ta ƙona kwali ne, babu komai a ciki.